Salgado da Aikin Genesis: Ranar da Gwanin Baƙi-da-Fari Ya Ajiye Fim

A shekarar 2008 Sebastião Salgado, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Burazil, ya ajiye fim bayan shekara 35 yana aiki da shi, ya koma kyamarar dijital. Ya yi wannan sauyi ne yana tsakiyar babban aikinsa mai suna Genesis, littafi da baje kolin hotunan wurare da dabbobi da al'ummomin da zamani bai taɓa sosai ba, wanda ya fara a 2004 a tsibiran Galapagos, ya kuma ɗauke shi shekara takwas da tafiye-tafiye sama da 30. Da aka buɗe baje kolin aikin a gidan adana tarihin halittu na Landan a watan Afrilun 2013, an rataye hotunan fim da na dijital a bango ɗaya, dukkansu baƙi-da-fari, kuma ba a yi wa mai kallo alamar wanne ne wanne ba.

Masu gardama kan hoton baƙi-da-fari da hoton kala na zamani sukan haɗa tambayoyi biyu su mai da su ɗaya: da wace na'ura aka kama hasken, kuma me aka zaɓa a nuna wa mai kallo. A lamarin Salgado tambayoyin sun rabu da kansu. Ido ɗaya ne, aiki ɗaya, kamanni ɗaya ake nema, na'urar ce kawai ta canza. Shi ya sa ya cancanci a bi shi daki-daki.

An haifi Salgado a 1944 a garin Aimorés na jihar Minas Gerais. Tattalin arziki ya karanta, har ya yi aiki da ƙungiyar kofi ta duniya a Landan, kafin ya bar albashi a 1973 ya rungumi kyamara. Ya shiga ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1979, ya fita a 1994 ya kafa kamfaninsa a birnin Faris tare da matarsa Lélia Wanick Salgado. Hotunan da suka fito da sunansa su ne na fari da yunwar yankin Sahel, da na mahaƙar zinariya ta Serra Pelada a 1986, inda dubun dubatar maza ke hawa tsani da buhunan ƙasa a wuya, da na rijiyoyin man Kuwaiti da ke ci da wuta a 1991. Ya taɓa yi wa mujallu aikin kala, amma duk abin da aka san shi da shi baƙi-da-fari ne, galibi a kan fim ɗin Kodak mai suna Tri-X.

Abin da ya kore shi daga fim

Don Genesis ya bar ƙananan kyamarorin Leica ya ɗauki Pentax 645. Dalili shi ne girman nagatif, wato fim ɗin da aka ɗauki hoto a kansa wanda daga shi ake fitar da hoton a takarda. Na ƙaramar kyamara milimita 36 ne da 24, na 645 kuwa kusan 56 da 42, wato ya ninka wancan kusan sau uku a girman fili. Wanda zai wanke hoton tsauni ko na dutsen ƙanƙara ya kai girman ƙofa yana bukatar wannan faɗin. Fim ɗin da ya yi amfani da shi shi ne mai lamba 220, wanda naɗi ɗaya ke ba da hoto wajen 30.

Kamar yadda ya sha bayyanawa a hirarraki, yakan fita tafiya guda da naɗi kusan 600, nauyinsu wajen kilo 28. Nauyin ba shi ne babbar damuwar ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 binciken filayen jirgin sama ya tsananta, ma'aikata da yawa suka daina yarda a duba fim da hannu, sai dai a saka shi cikin na'urar haska kaya. Fim kuwa bai san bambancin hasken rana da hasken wannan na'ura ba. Kowane wucewa yana ɗan taɓa sinadarin azurfar da ke jikinsa, kuma taɓawar taruwa take yi: na farko ba za a ga komai ba, na biyu haka, amma idan aka yi ta maimaitawa sai wani hazo ya lulluɓe nagatif ɗin, baƙi ya daina zama baƙi sosai, ƙananan bambance-bambancen da ke cikin inuwa su dushe. Mai zuwa wani tsibiri a yammacin Sumatra, ko can ƙuryar Siberiya, ba jirgi ɗaya zai hau ba, kuma kowace tasha da shingenta, zuwa da dawowa. Dawowar ta fi tayar da hankali, domin a lokacin aikin wata biyu ne cikin jakar, kuma ba a wanke shi ba tukuna. Babu kwafi. Idan ya lalace, ya tafi ke nan.

Dalili na biyu kasuwa ce. Kamfanin Ilford na Ingila, mai yin fim da takardar hoto, ya shiga hannun masu bin bashi a 2004 kafin manajojinsa su cece shi a shekarar da ta biyo. Takwaransa AgfaPhoto na Jamus ya durƙushe a 2005, a shekarar kuma Kodak ya daina yin takardar wanke baƙi-da-fari. Salgado kansa ya yi ƙorafin cewa fim ɗin da ake sayarwa bai kai na da inganci ba. A 2010 Kodak ya daina yin Tri-X mai lamba 220 ɗungurungum, a Janairun 2012 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Da Salgado ya dage, da ruwa ya ƙare masa kafin ya kai ƙarshen aikin.

Kenan ba sha'awar kala ce ta kai shi dijital ba. Ma'aikacin bincike da rufewar masana'antu ne suka tura shi.

Kyamarar da ba ta iya ganin baƙi-da-fari ba

Kyamarar da ya koma ita ce Canon EOS-1Ds Mark III, mai megafiksel 21. A nan lamarin ya fi daɗin nazari, domin wannan kyamara, kamar kusan kowace kyamarar dijital har da ta waya, an gina ta ne don kala.

Sensar da ke cikinta, wato farantin da ke karɓar haske, makauniyar launi ce. Kowane ɗigo a kanta yawan haske kawai yake ƙirgawa. Kyamarar dijital ta farko da injiniya Steve Sasson ya haɗa a Kodak a 1975 baƙi-da-fari take ɗauka, ɗigo 100 a tsaye 100 a kwance, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Don a sami launi sai aka shimfiɗa wa sensar ƙananan matatai, kowane ɗigo da nasa, a jere kamar saƙar tabarma: rabi kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, sauran shuɗi. Bryce Bayer, shi ma ma'aikacin Kodak, shi ya sami rajistar wannan tsari a 1976. Ɗigon da ke ƙarƙashin jan mataci bai san komai game da kore ko shuɗi ba, sai manhaja ta dubi maƙwabtansa ta yi kirdadon abin da ya rasa. Kashi biyu cikin uku na launin da ke kowane hoton dijital lissafi ne ya samar da shi.

Fim baƙi-da-fari ba ya bin wannan doguwar hanya. Haske ya faɗa kan ƙwayoyin azurfa, a wanke, inda haske ya yi yawa ya yi duhu a nagatif, shi ke nan. Amma yana da nasa sharaɗin: yadda launuka za su koma toka-toka, a gaban kyamara ake yanke shi, kafin a danna. Jan fure da koren ganye na iya fitowa da toka iri ɗaya, su narke cikin juna. Mai son sararin sama ya yi duhu gajimare ya fito fes sai ya ɗaura mataci ruwan ɗorawa ko ja a bakin kyamara, ya kuma biya da haske, domin jan mataci na cinye kusan kashi bakwai cikin takwas na hasken da ke shigowa. In ya zaɓi wanda bai dace ba, babu gyara daga baya sai ɗan abin da hannu zai iya yi a ɗakin duhu.

Da ɗanyen fayil na dijital, wanda masu sana'ar ke kira RAW, duk wannan shawara ta koma bayan an dawo gida. Ja da kore da shuɗi duk suna nan ajiye daban-daban, kowanne da matakan haske 16,384 a irin wannan kyamara, ba 256 na hoton JPEG ba. Mutum na zaune a gaban kwamfuta zai duhunta sama, ya haskaka ganye, ya bar fatar mutum yadda take, abin da mataci ɗaya ba zai taɓa yi masa a lokaci guda ba. Abin mamakin shi ne launin da kyamarar ta adana shi ne ya ba mai baƙi-da-fari iko a kan tokarsa fiye da yadda fim ya taɓa ba shi.

Akwai kuma bambancin inda kowannensu ke gazawa. Nagatif na da haƙuri da yawan haske: ko an wuce gona da iri, akan tarar da sauran zane cikin farin gajimare. Sensa kuwa idan ɗigo ya cika ya cika, wurin ya zama fari fat, babu abin da za a tono. A cikin inuwa da ƙarancin haske lamarin ya juya, dijital ce ke gaba. Ga mai aiki a ƙarƙashin rufin daji ko cikin tantin makiyayan Nenets a hunturun Siberiya, wannan riba ce babba, kuma Salgado bai ɓoye jin daɗinsa da ita ba.

Yadda ya mayar da dijital fim

Salgado bai canza yadda yake aiki ba, kayan aikin ne ya tanƙwara su bi shi. Idan ya dawo daga tafiya, mataimakansa a Faris kan buga masa hotunan ƙanana-ƙanana a jere a kan takarda, irin takardar gwajin da ake yi da nagatif, shi kuma ya duƙa a kai da gilashin ƙara girma yana zaɓe. Waɗanda ya zaɓa a yi musu ƙananan bugu, ya sake tacewa. Hoton da ya tsallake sai a gyara tokarsa, a sa masa tsaki-tsakin Tri-X da manhajar DxO FilmPack, wadda ke kwaikwayon ƙwayoyin fim iri-iri. Daga nan a rubuta fayil ɗin a kan fim na gaske, a sami nagatif mai inci 4 da 5, wanda za a iya shiga ɗakin duhu da shi a wanke a kan takardar azurfa kamar yadda ake yi tun da.

A duba tsawon hanyar: haske ya zama lambobi masu launi, lambobin a cire musu launi, a yayyafa musu tsakin da babu shi, a mai da su azurfa a nagatif, sannan a sake mai da su azurfa a takarda. Har siffar hoton sai an daidaita, domin na Canon ya fi na 645 tsawo. Mai son su zo daidai dole ya sadaukar da wani abu daga gefe biyu na sensar.

A ganina matakin tsakin nan shi ne mai rauni a duk tsarin. A fim, tsakin shi ne hoton kansa: ƙwayoyin azurfar ne suka taru suka zama fuska ko dutse, kuma yawansu da girmansu na bin yadda haske ya faɗi da yadda aka wanke. A dijital ado ne da aka ɗora daga sama. Hujjar Salgado mai ƙarfi ce a cikin Genesis, tunda littafi ɗaya ne da bango ɗaya, kuma bai kamata hoton Antatika na 2005 da na Alaska na 2009 su yi kamar mutum biyu ne suka ɗauka ba. Amma hujjar ta wannan aikin ce. Dubban masu kwaikwayonsa da ke zuba tsaki a hoton waya ba su da rabin aikin da suke son daidaitawa da shi.

Shin an gane bambancin? Masu wanke hoto da suka saba sukan ce suna ganewa, musamman a santsin sararin sama da kaifin gefen abubuwa. Akwai kuma masu sukar cewa hotunansa na baya-bayan nan sun yi nauyin gyara, gajimare ya cika tsawa, kowane lungun inuwa an buɗe shi. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma daga ikon nan da aka ambata ta samo asali: idan kana iya taɓa kowace toka, da wuya ka bar wata ba ka taɓa ba.

Jan da ba a nuna ba

A 2009 Salgado ya je wurin mutanen Zo'é a jihar Pará ta Burazil, ƙaramar al'umma da ke sa wani dogon itace a leɓen ƙasa. Matan Zo'é na shafa jan 'ya'yan itacen urucum a jikinsu. A hotunan da aka buga, matan na zaune ko kwance a ragar lilo cikin ganyaye, fatarsu toka mai sheƙi, ganyen na walƙiya kamar an zuba masa azurfa. Jan babu shi. Sai rubutun da ke rakiyar hoton ne zai gaya maka akwai shi.

Da a kan Tri-X aka ɗauka, da sai a ce fim ɗin bai iya ba. Amma a 2009 ne, da Canon. Jan yana cikin fayil ɗin. An kama shi, an adana shi, sannan aka yanke shawarar kada a nuna. Wannan shi ne babban abin da dijital ta canza game da baƙi-da-fari. A zamanin da fim mai launi ke da tsada, ga wahalar wankewa, ga jinkirin kama haske, rashin launi uzuri ne da na'ura ke ɗauke wa mutum. Yanzu mai hoton ne ke ɗauke da shi, kuma ana iya tambayarsa dalili.

Dalilin Salgado, yadda ya sha faɗa, shi ne launi na janye ido daga abin da yake son a gani. Jar riga a gefen hoto za ta fi fuskar da ke tsakiya kiran ido. Idan aka cire launi, saura siffa da haske da yanayin fata da ƙasa. A hoton ƙafar ƙadangaren ruwa na Galapagos da ya ɗauka a 2004, hujjar ta tsaya da ƙafarta: yatsu biyar, ɓawon fata na ƙyalli kamar sulken mayaƙi, kuma duk wanda ya kalla sai ya tuna hannunsa. Launin dutsen da ke ƙasa ba zai ƙara komai ba.

A wurin Zo'é hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba. Jan ba abin da ya faɗo cikin hoton bisa tsautsayi ba ne, abu ne da matan suka zaɓa suka shafa da hannunsu, kuma yana cikin yadda suke son a gan su. Cire shi ya kusantar da su ga dutse da bishiya da sauran abin da littafin ke kira duniyar farko, ya kuma nisanta su daga shekarar 2009. Baƙi-da-fari na da wannan hali na cire wa abu kwanan wata. Wani lokaci alheri ne, wani lokaci kuma yana sa mutanen da ke raye yau, da matsalolin filaye da cututtuka na yau, su yi kama da tarihi. Sukar ba sabuwa ba ce a kansa. Tun 1991 Ingrid Sischy ta rubuta a mujallar The New Yorker cewa kyan hotunansa na iya sa wahalar da ke ciki ta zama abin sha'awa maimakon abin tayar da hankali.

Kuwaiti ta ba da damar gwada hanyoyin biyu a fili guda. Sojojin Iraƙi sun cinna wa rijiyoyi sama da 600 wuta a 1991. Steve McCurry, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, ya ɗauki wurin da fim mai launi: raƙuma a gaba, jan harshen wuta a baya, sama baƙi ƙirin da rana tsaka. Salgado ya ɗauki masu kashe wutar, jiƙe sharkaf da ɗanyen mai, suna ƙyalli kamar gumakan ƙarfe. A hoton McCurry zafin kake ji da girman ɓarnar. A na Salgado gajiyar mutum kake gani. Wanda ya ga ɗaya kawai bai ga Kuwaitin 1991 duka ba, kuma babu manhajar da za ta fitar da ɗayan daga cikin ɗayan, domin tun a filin kowannensu inda ya tsaya da abin da ya fuskanta daban ne. Wannan ne abin da masu cewa "ɗauki da kala, ka mayar daga baya" ke mantawa. Salgado ko da Canon a hannu, toka yake nema: hasken da ke fitowa daga bayan abu, ƙura, hayaƙi, tururi, gajimare mai nauyi. Yawancin hotunan kala masu kyau idan aka cire musu launi lami suke zama, saboda launin ne ke riƙe da su.

Bayan Genesis

A 2012 Leica ta fitar da M Monochrom, kyamarar dijital mai megafiksel 18 da aka cire wa matatan Bayer gaba ɗaya. Ba ta kirdado, kowane ɗigo haskensa yake bayarwa kai tsaye, hoton ya fi kaifi, kuma tana kama haske kusan ninki biyu na 'yar'uwarta mai kala. Farashin wannan shi ne komawa sharaɗin fim: babu launi a fayil, don haka mai son duhun sama sai ya ɗaura jan mataci kafin ya danna. A ɓangaren fim kuma matsalar filin jirgi ƙaruwa ta yi, domin sababbin na'urorin haska kaya masu suna CT da ake sa wa a layin kayan hannu na iya lalata fim a wucewa ɗaya.

Salgado bai koma fim ba. Babban aikinsa na gaba, Amazônia, a kan dajin Amazon, wanda ya fito a 2021, daji ne mafi kore a duniya ba tare da ɗigon kore ko ɗaya ba. Ya rasu a Faris ranar 23 ga Mayun 2025.

Ya bar wa masu adana kayan tarihi wata tambaya ta aiki. Ga hotunan kafin 2008 asalin a bayyane yake: nagatif ɗin da ya kasance cikin kyamara a wurin, wanda idan an wanke shi da kyau an ajiye a wuri mai sanyi da bushewa zai haura shekara ɗari, kuma ido da fitila kawai ake bukata a karanta shi. Ga na bayan 2008 abubuwa uku ne ke takarar sunan: ɗanyen fayil mai launi wanda sai da manhajar da ta san tsarin Canon ake buɗe shi, da fayil ɗin da aka gyara aka sa wa tsaki, da nagatif mai inci 4 da 5 wanda bai taɓa barin Faris ba. Na ukun ne zai fi daɗewa ba tare da wani ya riƙa kwafe shi daga wannan ma'ajiya zuwa waccan ba, na biyun ne ke ɗauke da shawarar mai hoton, na farkon kuma shi kaɗai ne ya je Pará.